Baƙin Mai a Kan Kujerun Sa'adatu

Warin ne ya fara tarar Sa'adatu tun kafin ta gama tura ƙofar shagon. Ta je gida Tarauni ne ta yi sallah ta ci abinci, kamar yadda take yi duk Juma'a idan ma'aikatanta sun tafi masallaci. Da ta dawo Gyadi-Gyadi ta buɗe, sai ta tsaya a bakin ƙofa, mukulli a hannu, ta kasa shiga.

Kujerun mota ne jere a jikin bango, waɗanda ita da ma'aikatanta suka shafe makonni suna ɗinkawa. An bi su ɗaya bayan ɗaya an tsaga ledar da wuƙa, sannan an tsiyaya baƙin mai a cikin soson. Sababbin kekunan ɗinkin da ta sayo su ma an yi musu wanka da shi. Man ya malale a kan siminti har yana neman fitowa waje. Ƙofar baya kuwa a buɗe take, an fasa kwaɗonta.

Ranar Litinin ya kamata a zo a kwashi kujerun. Sabuwar masana'antar da ke kan hanyar Zariya ce ta ba da aikin, wadda ke harhaɗa ƙananan motoci masu amfani da lantarki. Da farko daga ƙasar waje ake kawo mata kujeru tare da sauran kaya. Da masu saye suka yi yawa, aka ƙara ma'aikata don a ninka abin da ake fitarwa, sai kwantenonin suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas. Filibus, jami'in da ke sayo wa masana'antar kaya, ya zaga Kano yana neman masu ɗinkin kujera, ya zaɓi shagon marigayi Malam Audu, wanda 'yarsa Sa'adatu ke riƙe da shi.

Tun daga ranar gaisuwar layin ta canza. Waɗanda suka san ta tun tana goye suka koma ce mata Hajiya ta lantarki, suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Yanzu da suka sauko daga masallaci suka cika ƙofar shagon, kowa na salati, amma akwai fuskokin da salatin bai yi kama da su ba.

"Ai an ga mutumin kamfanin nan a ƙofar," in ji wata mai sayar da awara. "Lokacin ana huɗuba, layin ba kowa."

"Wa ma zai yi yawo a lokacin in ba shi ba?" wani ya amsa daga baya.

Maganar ta kama kamar wuta. Samari suka fara tambayar inda Filibus yake zaune. Sadiq, yayan Sa'adatu, wanda ke yi wa shagon yankan leda, yana tsaye kusa da ita ya harɗe hannu. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ni dai ban gani ba. Amma tunda an ce an gan shi, a bincika."

Mai unguwa ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya taka ƙofar gidan wani zai kwana a hannun hukuma. Sannan ya aika Unguwa Uku a kira Malam Isyaku.

*

Malam Isyaku mutumin Doguwa ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin shanu tare da 'yan sintiri a bakin dajin Falgore, har gwiwa ta gaza ya dawo birni wajen ɗansa. Masu unguwanni da 'yan sanda duk sun san shi, sukan neme shi kafin magana ta yi nisa.

Ya sauka daga adaidaita sahu yana dogara sanda, ya dubi ƙasar ƙofar shagon da jama'a suka tattake, ya girgiza kai. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, amma ƙafafu sun cinye komai. A gindin taga kawai ya sami sawun takalmi mai kauri, irin na ma'aikatan masana'anta. Mai takalmin ya tsaya, ya yi ɗage ya leƙa, ya juya ya koma titi.

Ya zaga baya. Lungun a shafe yake da duwatsu da ɓaraguzan bulo, ba ya riƙe sawu. Sai dai ɗigon baƙin mai, nan ɗaya can ɗaya, irin na jarkar da murfinta bai rufu ba. Ya bi ɗigon a hankali, yara na biye da shi, har ya kai shi bayan garejin Lawan, inda wani durom na tsohon mai yake tsaye a buɗe.

Lawan shi ne shugaban kanikawan layin. Ya fito yana goge hannu da tsumma, bai jira tambaya ba.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba. Man nawa ne, jarkata ɗaya ma ba ta nan. Amma durom ɗin a waje yake kwana, masu kashe gara ma suna ɗiba."

"An ce ba ka son motocin nan."

"Ba na son su, kuma ba zan ɓoye ba. Motar da ba ta shan mai, ba ta da filogi, ba ta da salansa, me zan gyara a jikinta? Shekara nawa ina kwance ƙarƙashin mota a layin nan, kamfani ya zo ya tsallake ni ya shiga shagon mace mai allura. Kullum ina kallon motarsu tana tsayawa a ƙofarta. Da kai ne, daɗi za ka ji?"

"Ba zan ji ba," in ji Malam Isyaku. "A ina ka yi Juma'a?"

"Sahun gaba, kafaɗata na gogar ta mai unguwa. Tambaye shi."

Ya tambaya, haka ne. Yaran garejin ma tare suka tafi, tare suka dawo. Duk da haka kafin la'asar layin ya rabu biyu: masu cewa Filibus ne, da masu cewa Lawan ya biya wani ya yi masa.

*

Washegari da hantsi Malam Isyaku ya tafi masana'antar. Wani dogon ɗaki aka shigar da shi, mai rufin kwano, inda motoci ke tafiya a layi daga hannu zuwa hannu. Nan ana ɗaura batir a ƙarƙashi, can ana jan wayoyi, gaba ana saka gilashi. A ƙarshen layin kuwa motocin sun taru sun cika fili har waje, sababbi fil, ciki fayau babu wurin zama. Wani ma'aikaci ya ɗora akwatin katako ya zauna a kai, ya ja ɗaya ta wuce ta gefen Malam Isyaku ba tare da ya ji zuwanta ba.

Filibus ya tarye shi a ƙofar sito. Mutum ne siriri ɗan Kudancin Kaduna, idanunsa sun nuna bai yi barci ba.

"Baba, na je shagon, ba zan musa ba. Na ga hanya ba cunkoso ne na ce bari in duba ko za a iya fara kwasa tun Asabar. Na manta suna rufewa. Na ƙwanƙwasa, na leƙa ta taga, labule ya tare ni."

"Ka ji wani abu?"

"Na ji kamar ana ajiye abu mai nauyi a hankali. Da na ƙwanƙwasa sai ya tsaya. Na ɗauka wani ne yake sallah a ciki, ban so in dame shi ba."

"Ba ka ji ƙarar faɗuwa ko jan ƙarfe ba?"

"A'a. A hankali dai."

Malam Isyaku ya dubi takalminsa, ya ga shi ne na gindin taga.

"Me zan samu in na lalata kayan?" Filibus ya ci gaba. "Ni na tsaya a gaban manya na ce a ba 'yan Kano aikin nan. A ofis akwai waɗanda suka so a ba wani kamfani na Legas, tun jiya suke min murmushi. Ka ga motocin nan? In babu kujeru a mako mai zuwa za a tsayar da layi, a sallami sababbin ma'aikata. Matata Patience ko kasuwa ba ta fita ba yau, ta kulle yara a ɗaki. Shekarunmu nawa a Darmanawa, ba wanda ya taɓa nuna mu da yatsa."

"Ka koma bakin aikinka," in ji Malam Isyaku. "Ƙafarka ba ta shiga shagon ba, wannan na gani da idona."

*

Gidan marigayi Malam Audu yana Tarauni, bayan kasuwa. Inna Uwani, mahaifiyarsu, ta sa aka shimfiɗa wa baƙon tabarma a tsakar gida. Sa'adatu na zaune gefenta, Sadiq ya kawo ruwa da kansa ya durƙusa ya ajiye.

"'Yata, wa yake jin zafin aikin nan da kika samu?" Malam Isyaku ya tambaya.

Ta yi wani murmushi mai ɗaci. "Baba, ka tambaye ni wanda ba ya ji, zai fi sauƙin lissafawa. Ƙawata ta ƙuruciya ta daina amsa wayata. Matan layi sun ce asiri na yi. Har cewa aka yi akwai wani abu tsakanina da Oga Filibus, ni da mijina da 'ya'yana."

"Lawan ya fi kowa," Sadiq ya sa baki. "Shi da bakinsa yake cewa sai ya ga bayan motocin nan. In kuma ba shi ba ne, to mutanen kamfanin ne da kansu, sun sami mai araha suna neman hanyar zillewa."

"Yaya aka yi aikin ya zo hannunki?" Malam Isyaku ya sake tambayar Sa'adatu.

Inna Uwani ce ta amsa. "Ai wajen Sadiq mutumin ya fara zuwa, tunda shi ne babba, shi ya fi daɗewa a hannun mahaifinsu. Ya ce a ɗinka masa kujera ɗaya ya gani. Sadiq ya ce kamfanin da ba zai shekara ba, ba zai ɓata ledarsa ba. Ita kuma ta ɗauki awon ta ɗinka. Shi ke nan fa."

"Rabonta ne, Inna," in ji Sadiq, yana kallon ƙasa. "Ni murna nake mata."

"Allah ya yi muku albarka," in ji tsohuwar. "Shi ya fara koya mata zura zare, tana tsaye a kan bulo don ta kai."

Malam Isyaku ya sha ruwansa, ya yi godiya. Ya roƙi Sa'adatu ta raka shi shagon, ya ce akwai abin da bai gama gani ba.

*

Ba a taɓa komai ba, haka ya umarta. Ya ɗaura leda a ƙafa ya shiga, yana bin bango. Wanda ya yi aikin bai bar sawu a cikin man ba, da baya da baya ya yi ta zubawa har ya fita. Malam Isyaku ya tsaya yana tunanin maganar Filibus. A ɗakin nan duk abin da aka taɓa da ƙarfi aka taɓa shi. Mene ne aka ajiye a hankali?

A kusurwar ƙarshe, kan wani ɗan tudun siminti da man bai hau ba, akwai wani abu lulluɓe da tamfol, an tusa gefunansa da kyau. Ya ɗaga. Tsohon keken ɗinki ne baƙi, mai tebur na katako da ƙafafun ƙarfe, ko ɗigo bai same shi ba.

"Nan yake zama?"

Sa'adatu ta leƙo daga ƙofa. "A'a. Keken Babanmu ne, a tsakiya yake, kusa da taga. Jiya hankalina bai kai kansa ba." Ta dubi wurin da yake zama. "Ni ban matsar da shi ba."

Malam Isyaku ya dubi simintin tsakanin taga da kusurwar. Babu alamar gogar ƙarfe, ba a ja shi ba, ɗaga shi aka yi gefe-gefe. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannu ya girgiza teburin. Bai motsa ba. A ƙarƙashin ƙafar baya ta hagu akwai wani guntun katako da ya sha mai da shekaru har ya yi santsi, an saka shi daidai, ɓangaren da ya lotsa yana sama.

"Wannan fa?"

"Ƙafar ta gaza sauran tsawo. Tun muna yara Babanmu ya yanka katakon." Muryarta ta fara sauka. "In ba a sa shi ta wannan fuskar ba, keken rawa yake yi."

"Ma'aikatanki sun san haka?"

"Sababbi ne duk. Ba mai hawa shi." Ta dafa ƙofa. "Baba, kada ka faɗa. Don Allah kada ka faɗa tukuna."

"Ni ban ce komai ba, 'yata. Amma akwai mutumin da matarsa ta kulle yara a ɗaki."

Ta daɗe tana kallon katakon. Sannan ta ce a kira mai unguwa.

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar shagon. Mai unguwa na kan kujera, Lawan da Filibus da Sadiq a kan benci, Sa'adatu na tsaye. Mutanen layi sun yi da'ira, ba wanda ya gayyace su.

Malam Isyaku ya fara da Lawan. Ya ce man nasa ne, baƙin cikinsa ma a fili yake, amma yana masallaci. Ya ce Filibus ya zo, ya leƙa, ya koma, sawunsa bai wuce taga ba. Aka fara gunaguni.

"Wanda ya yi aikin nan ya ɗebi man gareji don a ce kanikawa ne," in ji shi. "Ya zaɓi lokacin Juma'a, ya fasa kwaɗo don a ce baƙo ne. Duk wannan ya yi shi da tunani. Abu ɗaya ne ya yi da zuciya. Kafin ya zuba man, ya ɗauke keken Malam Audu ya kai inda ba zai ɓaci ba, ya rufe shi. Yana cikin sauri, ana ƙwanƙwasa masa ƙofa, amma hannunsa bai yarda ya bar keken yana rawa ba. Sai da ya mayar da katakon ƙafarsa yadda mai shi yake sakawa."

Ya juya. "Mutum uku suka san fuskar katakon nan. Ɗaya yana kabari, Allah ya jiƙansa. Ɗaya ita aka yi wa ɓarnar. Sadiq, a wane masallaci ka yi Juma'a?"

Sadiq ya buɗe baki, ya ambaci wani masallaci a Unguwa Uku. Aka tambaye shi wa ya gani a can, ya kasa kawo suna. Ya dubi mai unguwa, ya dubi jama'a, daga ƙarshe ya dubi ƙanwarsa.

"Yaya," ta ce a hankali. "Kai ne?"

Ya miƙe tsaye.

"Ni na koya miki riƙe almakashi! Ina shagon nan tun ba ki san hagu da dama ba. Yau mutum zai shigo ya wuce ni ina yanka, ya ce ina mai shagon? Inna ta buɗe baki sai Sa'adatu ta yi, Sa'adatu ta kawo. Ƙarshen wata ki miƙo min albashi a gaban yaran da kika ɗauka jiya. A shagon ubana!"

"Kai aka fara kawo wa aikin."

"Na sani!" Ya buga ƙirji. "Shi ne abin da yake hana ni barci. Da ƙwace min kika yi, da na sami abin faɗa. Kullum in na ga motar nan ta tsaya, sai in ji kamar ana zare min numfashi. Na ce in aikin ya lalace za mu koma yadda muke, ni da ke da keken Baba."

"To Oga Filibus fa? Jiya samari na neman gidansa kana tsaye ka harɗe hannu."

Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da hularsa.

Mai sayar da awara ta sulale ta bar da'irar. Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce magana tana hannun wadda aka yi wa laifi, in ta ce a kira 'yan sanda yanzu za a kira.

Sa'adatu ta share ido da gefen mayafinta.

"Ba zan kai ɗan Inna kurkuku ba, ba za ta ɗauka ba. Amma ya tashi ya ba wa bawan Allahn nan haƙuri, a nan inda aka ɓata masa suna, kowa ya ji. Ya ba Lawan ma."

Sadiq ya yi, murya ƙasa-ƙasa, mai unguwa ya sa ya maimaita da ƙarfi. Filibus ya gyaɗa kai kawai. Lawan ya tofar da yawu gefe ya ce ya yafe.

"Sai kuma mukullin shago," in ji ta. Ya ciro ya miƙa. Ta karɓa, ta nuna kusurwar da hannu. "Ka ɗauki keken, Yaya. A duk abin da ke ɗakin nan shi kaɗai ka tausaya wa."

*

Soson da ya sha mai ba ya wankuwa. Layin masana'antar ya tsaya na ɗan lokaci, wasu sababbin ma'aikata suka zauna a gida har aka sake kiran su. Filibus ya tsira da aikinsa da ƙyar, amma an raba kwangilar, rabi ya tafi wani shago a Kaduna. Sa'adatu ta sake farawa da abin da ya rage, Lawan ya turo yaransa suka kwance sababbin kekunan suka wanke su da kananzir, bai karɓi komai ba, bai kuma daina zagin motocin ba.

Inna Uwani ta ji labarin a bakin maƙwabta kafin 'ya'yanta su isa gida. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta dai daina ambaton aikin kowannensu.

Sadiq ya kama ɗan shago a Darmanawa, yana ɗinka rumfar adaidaita sahu. Malam Isyaku ya bi ta wajen wata rana, bayan motocin sun fara yawa a titi. Suka gaisa, Sadiq ya ba shi benci. Suna zaune sai ga ɗaya ta taho a hankali saboda ramuka, gilashinta a sauke. Sadiq ya dakatar da keken, ya bi kujerun da kallo har ta wuce.

"Na Kaduna ne," ya ce. "Nata ɗinkin ya fi wannan kyau."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.